Yadda Muka Fitar da Kawu Sale Daga Ka'akiyya

Ranar Lahadi ce. Ƙarar wanke tukwane ta tashe ni, kamar kullum. Kawu Sale yana tsugune a ɗan tsakar gidanmu na Ka'akiyya a Makka, ya naɗe hannun riga, yana kankare ƙanzo daga gindin babbar tukunya. Kayan makarantata suna rataye a ƙofa, a goge. Shi yake goge mini su, don ya ce Umma in tana guga kamar faɗa take yi da tufafin.

Ƙanin Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo Umara daga Kano bayan rasuwar Abbana, bai koma ba. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Ɗan daudu ne. Ban taɓa jin kalmar a cikin gidanmu ba, a waje nake jin ta. Yana tafiya da rangwaɗa. In hira ta yi daɗi sai ya tafa hannu ya riƙe ƙugu, shi da ƙawayen Umma suna ce wa juna "ke 'yar nan". Amma jallabiya yake sawa irin ta kowane namiji. Yana zuwa masallaci, ya tsaya a ƙarshen sahu, ya riga kowa fita. Tuwo yake yi da masa da dambu. Duk wanda kewar gida ta kama a unguwarmu, ƙofarmu yake zuwa da kwano. Lokacin Hajji kuma a Mina yake dafa wa alhazai. Da hannunsa muke ci.

Da safen nan bai tsokane ni ba. Ya ƙunsa mini masa, ya sa a jakata, ya ce in wata ta yi mini magana a makaranta kar in tanka.

Sai na faɗi abin da ya faru ranar Alhamis kafin a gane sauran.

Hajiya Ladi, ƙawar Umma, 'yar Kano ce da ta daɗe a Makka. Ta aurar da 'yarta a wani gidan Hausawa da aka haifa a nan tun kakanni. Larabci suke yi, Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. An kama zauren biki, ɓangaren maza daban, na mata daban. A nan in mata sun shiga nasu ɓangaren cire abaya suke yi, su saki gashi, su sa riguna marasa hannu. Shi ya sa ake ajiye mace a ƙofa tana karɓar wayoyi. Namiji ba ya wucewa, ko wane ne shi. Kawu ya san haka. Ya kai tukwane bakin ƙofar kicin, masu rabo suka karɓa, ya zauna a kan kwali a waje yana fifita.

Ana dab da shigo da amarya ɗaurin Hajiya Ladi ya warware. Gwaggwaro ne mai tauri. Mata suka yi ta gwadawa, ya ƙi tsayuwa. Ina gefe riƙe da jakar Umma, na ji da kunnena. Hajiya Ladi ta ce a kira mata Sale. Umma ta ce, Hajiya, nan fa ba Kano ba ne. Hajiya ta ce Sale ai namu ne, wa yake lissafa shi cikin maza, a bikin 'yarta ta fari shi ya ɗaura wa kowa. Kawu ya ce ba zai shigo ba. Ta sake aika mai aikinta.

Ya shigo ta kicin, ya cire takalmi, kansa a ƙasa. A ɗan lungun da ke bayan labule ya ɗaura mata. Nan da nan ɗauri ya tsaya cas. Matan Kano suka rangaɗa guɗa. Kiɗa yana tashi. Wata ta yafa masa mayafinta a kafaɗa, wata ta ja hannunsa, labule ya buɗe, sai ga shi cikin haske. Ya taka rawa. Kaɗan ce, amma ya taka, yana murmushi. Sai ihu daga teburan dangin ango. Mata suna rarumar abaya. Wata ta fizgi ƙyallen tebur ta rufe kanta, kofuna suka zube. Kawu ya fita da gudu ba takalmi. Ashe akwai wayar da ba a miƙa wa mai ƙofa ba. A hoton bidiyon da ta ɗauka, bayan kafaɗar Kawu, ana ganin ƙanwar ango, kanta a buɗe, kafaɗunta a waje.

Juma'a da Asabar babu wanda ya zo da kwano. Kawu ya tuƙa tuwo, ya huce a tukunya.

A makaranta an hana waya, amma kowacce ta ga hoton a gida. Da na shiga aji aka yi tsit. Wadda muke zama tare ta sa jakarta a tsakaninmu. Lokacin hutu wata 'yar ajin gaba ta tare ni a bakin famfo, ta tambaye ni da Larabci wai wanda ke gidanmu kawuna ne ko innata. Aka yi dariya. Ban tanka ba. Masar ta dawo gida a jakata.

Na iso bayan Azahar. Malam Habu mai kantin bakin layi, wanda kullum yake tambayata yau me Kawu ya dafa, ya juya baya yana jera gwangwanin madara. Umma tana zaune tana kiran Hajiya Ladi, ba a ɗauka. Kawu ya yi La'asar a ɗaki. Ya fito ya buɗe kullun masa yana duba ko ya tashi.

Bayan an sallame La'asar da kaɗan na ji motoci sun tsaya a ƙasan layi. Layinmu hawa ne, matakala ce ta siminti, mota ba ta shiga. Na ji ana rufe ƙofofin mota ɗaya bayan ɗaya. Sai takun takalma. Ba gudu suke yi ba. Yaran da ke buga ƙwallo suka daina.

Ƙofarmu ta ƙarfe ce. Bugun farko da tafin hannu ne. Na biyu da wani abu mai nauyi.

"Iftah! Buɗe!"

"Fito, ɗan daudu!"

Umma ta tura ni bayan injin wanki, ta ce kar in motsa. Daga nan ina ganin tsakar gida duka. Kawu yana tsaye da ludayi a hannu. Ya ce Yaya a buɗe, zai ba su haƙuri, ai laifinsa ne. Kafin ya kai ƙofar sakata ta ɓalle.

Fahad ne a gaba, wan ango. Shi da 'yan'uwansa cikin fararen jallabiyoyi masu guga. Ƙamshin turarensu ya riga su shigowa. A bayansu samarin layinmu ne. Na san su duka. Na san kalar kwanon gidan kowannensu. Ɗaya ya ɗaga waya yana ɗauka.

Kawu ya durƙusa. Ya fara ba da haƙuri da Larabcinsa na kasuwa, ya koma Hausa. Bai ƙarasa ba. Fahad ya mare shi a kunnen hagu, ƙarar kamar an fasa leda. Suka ja shi ta wuyan riga zuwa tsakiya. Wani ya cire tiyon wanki. Sauran da ƙafa. Kullun masa ya kife, ya malale fari a ƙasa, suna takawa, sawun takalmansu ko'ina.

"Yi rawar! Yalla, yi mana rawar!"

Umma tana jan rigar wannan, tana jan ta wancan. Suna ture ta ba tare da sun kalle ta ba.

Nasiru, ɗan gidan da ke kallon namu, shi ya ɗauko muciya. Babbar ce, ta biki, tana jingine bayan buhun shinkafa. Su Fahad ba su ma san sunanta ba. Nasiru ya san inda take. Suka danne hannun Kawu na dama a kan dandamalin wanki. A bugun farko ya yi ihu. A na biyu na ji ƙarar ƙashi, shi kuma bai yi ihu ba. Wani sauti ya yi ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya shaƙe da ruwa.

Umma ta faɗa kansa. Ɗankwalinta ya faɗi cikin kullun. Ta rufe shi da jikinta tana cewa ƙanina ne, ku fara da ni. Fahad ya kau da kai, ya ce wa mai wayar ya sauke. Ba tausayi ba ne. Kan Umma ne a buɗe.

Fahad ya yi magana yana kallon bango. Ya ce in Isha'i ta yi wannan abin yana unguwar, za su miƙa shi ga hukuma tare da hoton. Ya ce ya san ba shi da takarda, kuma wadda ta ajiye shi ita ma iƙamarta, takardar zaman ƙasa, ta tafi. Nasiru ya fassara mana da Hausa, kamar ba mu ji ba. Suka fita suna kakkaɓe riguna.

Ƙofar ta rage a buɗe, tana rataye. Mutane a kan matakala, mutane a kan rufi. Babu wanda ya shigo. Matar da Kawu ya yi ta dama wa kunu lokacin jegonta tana leƙe ta taga. Da muka haɗa ido ta ja labule. Malam Habu ya zo ya tsaya daga waje. Ya ce mai gidan da muke haya ya bugo, a bar masa makulli a kanti. Ya ƙara da cewa shi dama ya sha faɗa.

Wanda bai zauna a nan ba zai ce me ya sa ba mu kira 'yan sanda ba, me ya sa ba mu je asibiti ba. Bizar Kawu ta mutu tuntuni. A asibiti takarda za a fara tambaya. 'Yan sanda kuma in suka ga hoton, ba waɗanda suka karya shi za su fara kamawa ba. Namiji da mayafi a kafaɗa a cikin mata, wannan kaɗai ya isa kurkuku da bulala.

Su Fahad sun tafi, amma samarin layi ba su tafi ba. Suka zauna a ƙasan matakala, wajen kantin Malam Habu. Hanyar fita ɗaya ce. Na leƙa, na ga har yanzu muciyar tana hannun Nasiru.

Umma ta wanke wa Kawu fuska. Jini yana fita daga kunnensa. Ta ɗaure hannun a ƙirjinsa da zani. Sai ta shiga ɗaki ta fito da abayarta da niƙabi. Tsayinsu ɗaya, ita da shi.

Kawu ya kalli abayar. Leɓensa ya kumbura, da ƙyar maganar ta fito.

"Yaya, kar ki sa min wannan. Duk abin da suka ce na yi, wannan ban taɓa yi ba."

"Ɗaga hannun mai lafiyar," in ji Umma.

Dukanmu mun san in aka kama shi a cikinta, babu sauran magana. Ya ɗaga. Ta cusa hannun rigar da babu komai a ciki cikin jakarta, ta rataya masa jakar. Ta sa masa baƙar safa da takalminta. Dunduniyarsa ta fito ta baya. Ta ja abayar ƙasa har ta rufe.

Mutanen layi sun san mata biyu ne a gidan. Don haka mata biyu ne za su fita. Umma ta ce ni zan tafi da shi, ita za ta zauna a ciki. Ta faɗa mini inda za mu je, ta sa na maimaita. Na ce ba zan iya ba. Ta gyara mini mayafi.

Muka jira kiran Magariba, lokacin da ake rufe kantuna, maza su tafi masallaci. Ladan yana farawa muka fito. A bayanmu Umma ta kunna fitilar ɗaki, ta fara faɗa da ƙarfi, tana zagin Kawu, tana cewa ya ja mata abin kunya, yau sai ya san inda zai kwana. Muryarta tana bin mu har ƙasa. Ban san nawa ne na gaske a cikin faɗan ba.

Mutumin da aka yi shekaru ana yi wa dariya wai yana tafiya kamar mace, bai iya tafiya da abaya ba. Tana shiga ƙarƙashin ƙafarsa a kowace matakala. Na raɗa masa ya ɗaga gaban kaɗan. Bai ji ba, ina gefen hagunsa. Na zagaya na faɗa masa a kunnen dama, na dawo. Amma hannun da zai ɗaga da shi yana riƙe da nawa. Sai na kama masa.

Samarin ba su je sallah ba. Da muka iso suka janye ƙafafu. Nasiru ya miƙe, ya ɓoye muciyar a bayansa.

"Sannu Umma. Ki yi haƙuri, ba da ke muke ba. Gyara muka yi miki."

Kawu ya gyaɗa kai. Yatsunsa suka matse wuyan hannuna har na ji zafi a ƙashi. Muka wuce. Ban waiwaya ba. Ina jin takalmin Umma yana ja a kan kwalta.

A babban titi, kusa da kasuwar kayan gwari, na tsayar da tasi. Ban taɓa yi wa direba magana ba a rayuwata. Na ce Aziziyya. Muryata ta fito siririya, ya sa na maimaita. Bai kalle mu ta madubi ba, a nan ba a kallon mata. A wata mahaɗa motar 'yan sanda ta tsaya daidai da tamu. Kawu ya sunkuyar da kai. Wani abu mai ɗumi ya ɗiga a bayan hannuna daga ƙarƙashin niƙabin. A baƙin yadi jini ba ya nunawa. Na rufe da ɗaya hannun har fitila ta ba mu hanya.

A Aziziyya akwai dogayen gine-ginen alhazai da suke zama babu kowa in ba lokacin Hajji ba. Mai gadin ɗaya daga cikinsu, Malam Issufu, mutumin Maraɗi ne, sun yi aiki da Kawu a Mina. Na ƙwanƙwasa ɗakinsa. Kawu ya ɗaga niƙabin. Malam Issufu ya yi salati, ya dubi titi hagu da dama. Ya ce a cire wannan abin tukuna, ba za a shiga masa gini da shi ba. Ya kai mu hawa na sama ta matakala. Gadajen ƙarfe a jere, katifu cikin leda, warin ɗaki da aka daɗe ba a buɗe ba. Ya ce kar mu kunna fitila, kar mu je taga, kuma ba za mu daɗe ba, don in mai gini ya ji shi ma tafiya zai yi. Ya kawo ruwa ya ajiye a bakin ƙofa. Bai shigo ba.

Umma ta iso bayan Isha'i, ƙafarta ɗaya ba takalmi. Da samarin layi suka gan ta ta sauko ita kaɗai suka gane. Wasu suka ruga gidan, wasu suka bi ta da jifa. Dutse ya same ta a kafaɗa. Ta canza tasi a hanya don kar a biyo ta. Takardunmu kawai ta ɗauko, da jakar makarantata.

Da safe Malam Issufu ya kira wani mai ɗori Bahaushe, ya ce masa lebura ne ya faɗo daga tsani. Tsohon ya zo da jakarsa, ya tsuguna, ya fara warware zanin. Sai ya dubi fuskar Kawu. Ya daɗe yana duba. Ya mayar da kayansa jaka, ya ce shi ba ya taɓa irin wannan, ya fita yana goge yatsu a riga. Umma ce ta ɗora hannun da itacen akwatin dabino. Ni na riƙe masa kafaɗa. Ya ciji ledar katifa har ta huje.

A ranar Hajiya Ladi ta ɗauki waya. Ɗakin shiru ne, mun ji komai. Ta ce ita ba ta kira kowa ba, shi ya kutsa kai. Ta ce auren 'yarta yana reto saboda mu, kar a sake kiranta. Umma ta daɗe tana riƙe da wayar bayan an kashe. Kawu, da ya juyo da kunnensa na dama yana saurare, ya ce to Allah ya sa dai ɗaurin ya kai ta gida. Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa ya hana.

Shi ya yanke shawara. Ya ce zai tafi Jidda ya miƙa kansa a matsayin wanda bizarsa ta ƙare, a mayar da shi gida, tun kafin hoton ya je inda za a haɗa shi da suna. Umma ta ce babu inda zai je da wannan hannun. Suka yi ta yi. Ya ce in aka same shi tare da mu, iƙamarta ta tafi, makarantar Uwata ta tafi, wa za ta kai yarinyar ta bar wa a Kano. Umma ta tashi ta je ta aro masa jallabiya wajen Malam Issufu. Wannan ce amsarta, kuma shi ma ya gane.

Ya tafi da hantsi a bayan motar kayan miya, cikin tsohuwar jallabiyar Malam Issufu. Ya ce mini, Uwata, ki dinga cin abinci, kin ji. Na amsa. Motar ta riga ta tashi, bai ji ba.

Bayan watanni ya bugo daga Kano. Hannun ya haɗe a karkace, ba ya iya tuƙi. Kunnen hagu ya tafi. Hoton ya riga shi isa, babban wansu ya ce kar ya taka masa gida. Yana kwana a rumfar wani mai abinci a tasha. Ya bugo wasu lokuta bayan nan. Daga baya lambar ta daina shiga. Har yau Umma tana gwadawa ranar Juma'a.

Mu muka kama ɗaki ɗaya a wata unguwa inda ba a san mu ba. Na rasa zangon karatu guda. Tukwanen, da keken ɗinkin Umma, da akwatin da hotunanmu suke ciki, duk a Ka'akiyya suka tsaya. Ba mu koma tambaya ba.

Bara aka yi suna a sabon layinmu, muka je. Ana cikin cin abinci wata mata ta miƙo wa Umma waya tana dariya, ta ce Maman Ummi, ke da kike 'yar Kano, kalli wani ɗan daudu da ya shiga cikin mata. Na bikin ne. Ga shi cikin haske, mayafi a kafaɗa, hannayensa biyu a sama, lafiyayyu. Umma ta kalla har ƙarshe. Ta ce a sake mayar mata daga farko, ba ta gani sosai ba. Na matso kusa da kafaɗarta. Muka kalla tare.

Matar ta ce ko kin san shi.

Umma ta miƙa mata wayar. Ta ce a'a, Kano ai da girma.